Amfilifayar jitar bes tana kama wuta amma babu sauti: daga ina zan fara?

Ɗan_Karantina:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin kayan sauti. Ina kaɗa jitar bes, wato jita mai kaurin sauti, tare da wasu 'yan'uwa a bukukuwan mutanenmu a nan Jidda, kuma amfilifayar da nake aiki da ita, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, irin wadda aka haɗa da sifikarta a akwati guda ce, mai wat 200, sifikar kuma inci 15. A kasuwar gwanjo ta Haraj Sawarikh na saye ta shekara biyu da suka wuce, ta hannu ce, amma ba ta taɓa ba ni wahala ba. Tun kafin azumi na ajiye ta a ɗakin ajiya na saman gidanmu, na tafi aiki Makka sai bayan Hajji na dawo, wato ta yi wajen wata huɗu ba a kunna ta ba. Jiya da na jona ta, fitilar gaba ta kama, fankar baya tana juyawa, amma babu sautin da ke fita ko da na murɗa abin ƙara murya har ƙarshe. Na kai wa wani mai gyara, bai ko kwance ta ba ya ce sai an sauya fanel, wato allon kayan lantarkin da ke ciki, gaba ɗaya a kan riyal 600, alhali ni riyal 750 na saye ta. Saura kwana 10 mu yi wasa a wani biki a istiraha, wato gidan shaƙatawa da ake haya don biki. Ina da mitar gwaji, amma ban wuce auna batir da ita ba. Don Allah me ya kamata in fara dubawa?

Bakatsine_Riyad:
Wa alaikumus salam. Kafin ka zargi amfilifaya, ka gwada wata waya daban, sannan ka duba ko jitarka irin mai batir ce. Jitocin bes na yanzu da yawa suna da batir mai bolt 9 a bayansu, kuma idan aka bar waya a soke a jikin jitar, batirin yana ci gaba da zuƙewa ko ba a kaɗawa. Wata huɗu ya isa ya kashe shi.

Ɗan_Karantina:
Na gode, Yaya. Jitar mai batir ce, kuma na sa mata sabo. Na kai ta gidan abokina tare da wayar, muka jona a tasa amfilifayar, sauti ya fita sarai. Saboda haka na tabbata matsalar a jikin akwatin take.

Gwani_Madina:
Wannan ai tiransistocin ƙarshe ne suka ƙone, su ne ke tura sauti zuwa sifika. Na sha ganin haka. Ka sayi sababbi ka sa a sauya maka su duka, ba za su kai riyal 100 ba.

Usta_Hindawiyya:
Malam Gwani, ina ganin mun yi gaggawar yanke hukunci. Shekara 26 ke nan ina gyaran rediyo da lasifikokin masallatai da na ɗakunan biki a Makka, kuma abin da na gani shi ne, idan tiransistan ƙarshe ya ƙone, yawanci yakan haɗe wuta ne, sai fiyus ya tsinke nan take, ko kuma na'urar kariya ta ƙi sakin sifika. Yaron nan ya ce fitila tana ci, fanka tana juyawa, don haka fiyus ɗin shigar wuta lafiya yake. Abin da Gwani ya faɗa yana iya yiwuwa, amma ba shi ne na farko a layi ba, kuma sauya kaya ba tare da awo ba shi ke sa ƙaramar matsala ta zama babba.

Ɗana, ka ɗauki sautin jitarka kamar ruwa ne da ke bin bututu. Yana shiga ta ramin gaba, ya bi sashen farko inda ake gyara kaurinsa da kaifinsa, ya ratsa wasu ramuka biyu na baya, ya shiga sashen ƙarfi, ya bi ta rile, wato ɗan makunnin da ke jona sifika da kansa, sannan ya isa sifika. Aikinmu shi ne mu gano inda ya tsaya. Ka yi mini abu biyu, ba sai ka kwance ko kusa ɗaya ba. Na farko, ka kashe ta, ka kasa kunne, ka sake kunnawa: bayan daƙiƙa biyu zuwa biyar, kana jin wani ɗan “ƙyas” daga ciki, wato ƙarar rufewar rile? Na biyu, ka kai kunnenka dab da sifikar a ɗaki marar hayaniya, ka gaya mini ko akwai wani siririn huci kamar na iska.

Baban_Amira:
Ni kuma, Usta, da izininka zan ƙara wata tambayar da ta shafi ƙasar nan musamman. Ɗan_Karantina, a wane soket ka jona ta? Tsofaffin gidajen Jidda da Makka da yawa har yau suna da wuta iri biyu, ta bolt 127 da ta 220, kuma sau da dama ramukan soket ɗin kamanninsu ɗaya. Tun shekarar 2010 aka yanke shawarar mayar da ƙasar kan bolt 230, amma aikin a hankali yake tafiya, bai kai kowane gida ba. Idan na'ura ta bolt 220 ce aka sa ta a 127, fitila tana iya kamawa, fanka ta riƙa juyawa a sanyaye, amma rile ba zai samu ƙarfin rufewa ba, sai mutum ya ɗauka ta mutu. Haka ta faru da ni da wata lasifika da muka ara ranar sunan Amira, muka yi ta faman jijjiga wayoyi kusan awa guda, ashe soket ɗin falon ne na 127. Akasin haka ya fi muni, domin kayan da aka shigo da su daga Amurka na bolt 120 ne, idan suka haɗu da 220 sai dai a ji ƙauri. Ka duba rubutun da ke kusa da inda wayar wuta take shiga, ka kuma duba ko akwai ɗan maɓallin zaɓen wuta da wani ya tura ba da sani ba.

Ɗan_Karantina:
Allah ya saka da alheri, Baba Usta da Baban Amira. Na auna soket ɗin da mita, ya nuna 228, kuma a bayan akwatin an rubuta 220 zuwa 240, babu maɓallin zaɓe. Ƙarar rile ina jin ta bayan kamar daƙiƙa uku. Hucin ma akwai shi, amma siriri ne ƙwarai, sai da na kashe na'urar sanyaya ɗaki na ji shi, kuma ba ya ƙaruwa ko raguwa idan na murɗa maɓallan gaba.

Usta_Hindawiyya:
Madalla, wannan amsar ta rage mana rabin aiki. Tunda rile ya rufe, na'urar kariya ba ta ga wutar DC (wuta mai tafiya gefe guda, irin ta batir) mai haɗari a bakin sifika ba, wanda ke nuna tiransistocin da Gwani ya ambata da wuya a ce su ne. Tunda kuma akwai huci, sifikar tana da rai kuma a haɗe take da sashen ƙarfi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne hucin ba ya sauyawa da maɓallan gaba, wato sashen farko ba ya isar da komai ga na biyu.

Ka juya akwatin ka duba baya. Za ka ga ramuka biyu, ɗaya an rubuta masa Send, ɗayan Return. An yi su ne domin mai son saka wata na'ura a tsakanin sassan biyu. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a cikin ramin Return ɗin akwai wasu 'yan siraran ƙarafa biyu da ke manne da juna idan ba a soka komai ba, kuma duk sautinka ta tsakaninsu yake wucewa. Mutumin da bai taɓa amfani da ramin ba, ƙarafan nan ba sa gogar juna balle su share kansu, sai danshi ya hau su, su yi wata baƙar dauɗa da ido da ƙyar yake gani. Jidda kuwa a bakin Bahar Maliya take, iskarta da gishiri, ga shi ka ajiye akwatin a saman gida wata huɗu cikin zafi da laima. Rabin amfilifayoyin da ake kawo mini daga Jidda da irin wannan ƙorafi, a nan matsalarsu take ƙarewa.

Gwaji biyu ne. Ka samo wayar da za ta haɗa salularka da ramin Return, ka rage muryar salular har ƙasa tukuna, domin a wasu akwatunan wannan ramin ba ya bi ta maɓallin ƙara murya, sannan ka kunna wani karatu ka riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan. Idan ya fita, sashen ƙarfi da sifika sun kuɓuta. Bayan haka ka cire salular, ka ɗauki gajeriyar wayar jita ka haɗa Send da Return kai tsaye, ka kaɗa jitar ta ramin gaba.

Umman_Fahad:
Ni ba ma'abociyar wannan sana'a ba ce, amma ni ke kula da kayan sautin islamiyyarmu ta mata a Shara Mansur, kuma sau biyu muna shiga irin wannan hali. Na farko, wata yarinya ce ta karya kan abin sauraro na kunne a cikin raminsa, guntun ya maƙale, na'urar kuma ta ɗauka ana saurare ta kunne, sai ta yanke sifika. Na biyu, wayar da ke bayan sifikar ce ta zame daga mazauninta saboda yawan ɗauka da saukewa a mota. Wanda ya gyara mana ya cire wayoyin sifikar biyu, ya taɓa su da ƙaramin batir, muka ji “ɗum”, takardar sifikar ta motsa, ya ce lafiyarta ƙalau. Na kawo wannan ne ko zai amfani wani mai karantawa, ko da ba ita ce matsalar ƙanena ba.

Muhandis_Dammam:
Hajiya ta kawo abu mai amfani, kuma ramin abin kunne yana da irin ƙarafan da Usta ya bayyana, don haka shi ma yana cikin waɗanda ake tuhuma a kullum. Zan ƙara bayani kan gwajin sifika ga mai mita. A cire wayoyinta daga amfilifaya tukuna, a sa mita a ma'aunin om. Sifikar da aka rubuta wa om 8 takan nuna tsakanin 5 da 7, mai om 4 kuma wajen 3, kuma wannan ba aibi ba ne, haka aka yi su. Idan mita ba ta nuna komai ba, zaren cikin ya tsinke. Gwajin batir kuma taɓawa ɗaya ake yi a ɗauke, ba a barin sa a manne. Sai dai a wannan matsala ta Ɗan_Karantina, hucin da ya ji ya riga ya wanke sifikar, ban ga dalilin kwance ta ba.

Ɗan_Maiwurno:
Gaisuwa daga ɗan'uwanku na Sudan. Mu a wajenmu ba laima ce babbar abokiyar gaba ba, ƙura ce da janareta. Idan haboob, wato guguwar ƙura, ya taso, ƙurar takan cika fanka da ƙarfen da ke shanye zafin tiransistoci, sai na'ura ta yi zafi ta kashe kanta a tsakiyar biki. Janareta kuma idan ana tayar da shi amfilifaya tana jone, wutar farko da yake turowa takan yi ɓarna. Abin da nake so in tambayi Usta shi ne batun ƙwan fitila da tsofaffin masu gyara ke sakawa a layin wuta. Na ga mahaifina yana yi, amma ban fahimci hikimarsa ba sai da na ƙona tiransistoci huɗu sababbi a kunnawa ɗaya.

Usta_Hindawiyya:
Allah ya ji ƙan magabata, mahaifinka ya san aiki. Ana saka ƙwan fitila mai zare, na wat 60 ko 100, a jere da na'urar a kan waya ɗaya, yadda duk wutar da za ta shiga sai ta ratsa ƙwan. Idan na'urar lafiya take, ƙwan zai yi haske ɗan lokaci yayin da manyan kondensoshi masu tara wuta ke cika, sannan ya dushe. Idan akwai inda wuta ta haɗe, zai tsaya da haske sosai, ya shanye wutar, kayan da ka saka su tsira. Ƙwan LED ba ya wannan aiki ko kaɗan, dole sai mai zare, wanda yanzu samunsa a kasuwannin nan ya zama aiki, ni kaina guda uku nake ɓoye da su a aljihun tebur. Kuma duk wanda ya sauya tiransistocin ƙarshe ya duba ƙananan da ke tura su, da rizistocin nan farare, masu rage gudun wuta, masu om 0.22 ko 0.33, domin tare suke mutuwa.

Gwani_Madina:
Na karɓi gyara, Usta. Amma ko da an kai ga sauya su, ina gargaɗi kan jabu. Lambobin 2SC5200 da 2SA1943 da ake yawan samu a irin waɗannan akwatuna suna daga cikin waɗanda aka fi kwaikwaya. Na taɓa fasa wani da na saya da araha, na tarar ƙwayar cikinsa ba ta kai rabin ta asali ba. Ɗan_Maiwurno, mai yiwuwa ba laifinka ba ne kaɗai a waɗancan huɗun.

Ɗan_Karantina:
Na dawo da labari. Da na haɗa salula da ramin Return, karatu ya fita da ƙarfi, tsaf babu gargada. Da na haɗa ramukan biyu da gajeriyar waya kuma, jitar ta yi magana, har mahaifiyata ta leƙo daga kicin. Na yi murna ƙwarai, na zauna ina kaɗawa. To amma bayan kamar minti 20, sai sautin ya fara ƙarce-ƙarce, musamman idan na bugi igiya mafi kauri, daga nan ya ɗauke ɗif, alhali gajeriyar wayar tana nan a soke. Da na ɗan bugi saman akwatin da tafin hannu sai ya dawo, bayan minti biyu ya sake tafiya. Yanzu ban san ko ramin ne ko wani abu daban ba.

Bakatsine_Riyad:
Ka fesa masa WD-40, man nan na sassauta tsatsa, a ramukan duka, ka soka kan waya ka zare sau da yawa.

Muhandis_Dammam:
Sokawa da zarewa daidai ne, amma ba da wannan man ba. Yana barin maiƙo da ke kama ƙura, bayan 'yan watanni ramin ya fi da lalacewa. Akwai maganin fesawa da aka yi musamman domin wanke mahaɗan lantarki, wanda ke bushewa da kansa, ana samun sa a shagunan kayan lantarki, kuma a cire na'urar daga wuta kafin a fesa.

Sai dai a ganina labarin ya sauya. Gajeriyar wayar ta tsallake ƙarafan cikin ramin, amma sauti ya sake ɗaukewa, ya ɗauke ne bayan na'ura ta yi zafi, kuma duka yana dawo da shi. Waɗannan alamu uku na tsagewar dalma ne. Akwatin da sifika mai inci 15 ke girgiza shi shekara da shekaru, dalmar da ke riƙe da kaya masu nauyi ko masu zafi takan yi zobe siriri kamar gashi a kewayen ƙafar. Inda na fi zargi shi ne wutar sashen farko. Ƙananan ayisi (IC), wato 'yan ƙwayoyin lantarki masu ƙafafu da yawa, irin TL072 suna aiki ne da bolt 15 na sama da 15 na ƙasa (+15 da -15), kuma a akwatuna da yawa ana rage wannan wutar ne daga babbar wuta ta hanyar manyan rizistoci biyu da ke yin zafi sosai, har fanel ɗin ya yi launin toyi a ƙarƙashinsu. Idan ƙafar ɗaya ta saki, gefe guda na wutar ya tafi, sashen farko ya yi shiru, sashen ƙarfi kuma ya ci gaba da hucinsa. Mai gyara zai auna ƙafa ta 8 da ta 4 na ayisin a lokacin da sautin ya ɗauke, nan take zai sani.

Usta_Hindawiyya:
Muhandis, na yarda dalma ce, amma ban yarda da wurin ba tukuna. Ka tuna da farko babu sauti sam tun na'urar tana da sanyi, kuma soka waya ne ya dawo da shi. Ni ina ganin ƙafafun ramin Return ɗin ne kansu suka tsage a jikin fanel, soka wayar ya ɗan danna su suka haɗu, girgizar igiya mai kauri ta sake raba su. Yana kuma yiwuwa matsala biyu ce ta haɗu, dauɗa a rami da tsaga a wani wuri. Yadda nake rarrabewa a shago shi ne, in buɗe ta tana kunne, in sa sauti, in riƙa taɓa kaya ɗaya bayan ɗaya da busasshen icen asuwaki, inda na taɓa sauti ya motsa, nan ne.

Baban_Amira:
Usta, don Allah a ja wa yaron nan kunne kada ya gwada wannan da kansa. Manyan kondensoshin nan suna riƙe wuta bayan an zare waya daga bango. Wani maƙwabcina ya taɓa kai sukundireba tsakanin ƙafafunsu, tartsatsin ya cinye bakin ƙarfen, shi kuma ya yi kwanaki yana ganin baƙi-baƙi a idonsa.

Muhandis_Dammam:
Gaskiya ne. A mai wat 200 ana iya samun bolt 50 ko fiye a kowane gefe, wato 100 ko fiye tsakanin gefen biyu. Idan kuma irin sababbin nan ce marasa nauyi da ba su da babban taransifoma, akwai kondensa mai riƙe fiye da bolt 300 a sashen shigar wuta. Da rizista ake sauke wutar a hankali, a auna da mita a tabbatar, kafin hannu ya shiga. Wanda bai wuce auna batir ba, kamar yadda ya faɗa da bakinsa, iyakarsa gwajin waje. Akwai ma sauran guda da zai iya yi: ya bar salula tana wasa ta ramin Return na awa guda. Idan bai ɗauke ba, zargina ya ƙara ƙarfi, kuma ko gyara bai samu ba kafin bikin, jitarsa mai batir tana iya shiga ta wannan ramin kai tsaye, ya riƙa sarrafa murya daga jikin jitar.

Ɗan_Karantina:
Na yi yadda Muhandis ya ce. Awa ɗaya da minti goma karatu yana fita ta Return, bai yanke ko sau ɗaya ba. Ba zan buɗe ta ba, na ji gargaɗin iyaye.

Usta_Hindawiyya:
Wannan ya ɗan karkata ga maganar Muhandis, ban musa ba. Amma muryar mai karatu daga salula ba ta girgiza akwati kamar igiyar bes, don haka ƙafafun ramin ba su fita daga zargi ba. Ka sake gwajin da jitar kanta a ramin Return, da irin ƙarfin da za ka yi wasa a istiraha, na rabin awa, ka gaya mana. Idan ka samu mota ranar Asabar, ka kawo mini ita Makka bayan la'asar, mu buɗe tare ka ga wurin da idonka, in sake narka dalmar ramukan da ta rizistocin duka a zama ɗaya. Ka taho da gajeriyar wayar nan da kuma jitar.

Ɗan_Maiwurno:
Idan kun buɗe, don Allah a ɗauko mana hoton ƙasan fanel ɗin kafin a taɓa shi da dalma. Ina da wata a nan mai irin wannan ɗaukewar, kuma ina so in ga yadda zoben tsagar yake kama.